Katin da Ya Yi Saura

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya aikin asibiti? Idan kin leƙa Umma ki gaishe ta, amma kada ki ce mata na rubuto miki.

Ranar Talata ce, yau mako uku ke nan. Ina durƙushe a kicin ina goge ƙasan firij, sai na ji ƙarar babur ɗin Malam tun ba a yi azahar ba. Kin san shi, ba ya dawowa sai la'asar ta yi sanyi. Ya shigo da takalminsa har kan kafet, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a ƙofar kicin riƙe da kati ɗaya. Ya ce, "Kin san abin da kika yi kuwa?" Na miƙe da tsumma a hannu. Kafin in buɗe baki ya ɗaga ni sama cak, ya juya da ni sau biyu har ƙafata ta ture bokiti. Shekara biyu da aurenmu, Yaya, ban san yana da wannan ƙarfin ba. Sau nawa na karanta irin wannan ɗagawar a littattafaina na soyayya, ina rufe ido ina cewa wata rana. To, ranar ta zo. Da ya sauke ni ya nuna mini katin, na gane shi tun kafin in karanta.

Bari in faro miki daga tushe, don na san ba ki taɓa tsayawa kin ji abin da yake yi ba. Shekara bakwai ke nan yana bin kalma ɗaya ta Turancin mutanen da, wadda su kansu masu harshen sun daina faɗa. Ana rubuta ta wist. Ma'anarta "ya sani". Yana so ya gano daga ina ta fito, da yadda ta riƙa sauyawa a bakin mutane har ta mutu. A kanta zai sami digirinsa na uku. Duk inda kalmar ta fito a tsohon rubutu, sai a kwafe jimlar a kan kati, a sa wa katin lamba, a jera shi a kwalin takalmi. Kwali goma sha ɗaya ne yanzu a ɗakin baƙi. Bara ya ce rubutuna ya fi nasa kyau, ya damƙa mini kwafar. Shi zai kawo takardu, ni in bi layi-layi da rula, in na ga kalmar in kwafe.

Don aikin ya yi sauri sai na ɓullo da dabara. Kafin in fara, sai in ɗauki kati ashirin ko talatin in rubuta musu kai gaba ɗaya, wato sunan littafin da shekararsa, in bar wurin shafi kawai. Shi bai san ina yin haka ba. Bai taɓa tambaya ba.

Akwai wani damin fotokwafi da Farfesansa ya ara masa, wasiƙun wasu mutane ne na shekara kusan ɗari shida da suka wuce. Ranar da na gama shi, kati ɗaya ya yi saura, da kansa a rubuce, cikinsa fari fat. Asabar ce. Malam yana zaune a ɗaya gefen teburin tun safe. Na kawo masa shayi ya sha, na ɗauke kofin, bai ɗago ba. Littafin da nake karantawa ya ƙare tun daren jiya, sun yi aure, ba ni da wani. Sai na ja katin nan na rubuta jimla daga kaina, da irin rubutunsu na da, don bayan kati dubu biyu hannuna ya saba da shi kamar sunana. Abin da na rubuta, in an juya shi, shi ne: "Ta zauna a bakin ƙofa tun hantsi, babu wanda ya san tana wurin." Har lambar shafi na sa masa don ya yi kyau. Wasa nake yi, Yaya. Na yi niyyar in yaga. Sai maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa tana neman aron dutsen guga, na tattara katunan na ɗaure da roba, na jefa a kwali. Na manta da shi sarai.

Wata takwas yana kwance a ciki. Shi ne Malam ya tsinto. Ya ce yadda aka yi amfani da kalmar a jimlar nan, kowa ya ɗauka sai bayan shekara ɗari da wani abu aka fara yin haka, ga shi ya samu tun kafin lokacin. Ni kuwa na san dalili. Ban iya ba ne, na sa ta yadda ta zo mini.

Damin tuni an mayar wa Farfesa. Ya koma wurinsa don ya ga shafin da idonsa, aka buɗe kabad aka tarar gara ta cinye damin tas. Asalin wasiƙun suna wani ɗakin karatu a ƙetaren teku. Saboda haka yanzu katina shi ne shaida.

Ban yi kuka ba. Ina ci, ina barci, ina share gida. Kawai dai ji nake kamar an yi mini allurar kashe zafi a duk jiki. Ki gaya mini abin da zan yi.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Auta

*

Auta sarauniyar littattafai,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki, ƙaramin ya fara tafiya yana janyo mini duk abin da ke kan tebur.

Wasiƙarki ta same ni a wurin aiki. Ki yafe mini, da na kai wurin dutsen guga na yi dariya har sistar da muke tare ta leƙo ta ce ko lafiya. Ke dai tun kina ƙarama haka kike. Ke ce kika rubuta wa kanki wasiƙar soyayya kika sa a jakar makaranta, Umma ta gani ta kusa cire wa ɗan maƙwabta kunne. Ashe ba ki daina ba, girma kawai kika ƙara.

To yanzu ki saurare ni. Wa ya mutu? Ni nan kullum jini nake gani, da mata masu naƙuda, da mazan da ke zagaye baranda suna addu'a. Wannan shi ne tashin hankali. Naki kati ne, ko tafin hannuna bai kai ba. Matar da ta mutu shekara ɗari shida ba za ta tashi ta ce an yi mata ƙarya ba, balle ma ke kika haife ta. Mutum nawa ne a duniya suka damu da kalmar nan? In an tara su ba za su cika motar haya ba, kuma rabinsu ba sa gani sai da tabarau biyu.

Ki rufe bakinki. Ke da kanki kika gaya mini bara cewa makarantar ta ba shi wa'adi, in bai kammala a wannan shekarar ba za su sallame shi daga koyarwa. Gidan da kuke ciki ma nasu ne. Kina so ki dawo ɗakin Umma da kwalin takalmi goma sha ɗaya da miji mai ciwon zuciya? Ki bari ya karɓi takardarsa. Bayan nan in kin ga dama, wata rana kuna tsofaffi haƙora sun zube, ki ba shi labari ku yi dariya.

Kuma ni abin da na fi gani a wasiƙarki shi ne ya ɗaga ki. Alhamdulillahi! Da na ɗauka sai kin zama tsohon littafi gara ta fara cin ki sannan zai dube ki. In kati ɗaya ne ya jawo haka, ai da kin rubuta goma.

Ki ci abinci sosai, ki fita ki sha iska, ki daina zama da kwalayen nan kamar mai gadin maƙabarta. Ki gaida Malam, ki ce ina taya shi murna.

Taki har kullum,
Yaya

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Na ji daɗin labarin tafiyar yaro, Allah ya raya shi.

Na bi maganarki. Yau wata guda da kwana huɗu ban ce komai ba.

Malam ya zama wani mutum. Yanzu tare muke cin abinci, ba ya kai faranti ɗakin baƙi. Ya sa mini suna, Magatakarda. Yana shigowa zai ce, "Ina Magatakarda?" ko da ina tsaye a gabansa. Ran nan ya zo da leda ya ajiye mini a kan filo. Littafin soyayya ne. Ya ce ya tsaya a shago ya ce wa mai shagon ya ba shi wanda mata suka fi so, kunya ta kusa kashe shi don akwai ɗalibansa biyu a wurin. Na riga na karanta littafin sau biyu. Na yi godiya. Na buɗe shi na zauna, idona yana bin layi kamar mai neman kalmar nan, har na kai shafi na arba'in ban san abin da na karanta ba. Tun ranar Talatar nan ban iya karanta komai ba.

Sau ɗaya na gwada, ki yi haƙuri. Muna karyawa da safe na ce, "Malam, in a ce katin nan akwai kuskure fa?" Ya yi dariya yana shafa bota a burodi. Ya ce, "Hannunki? Ba ki sani ba ne, kati ɗari uku na farko da kika yi, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da asali. Ko ɗigo ba ki ci ba. Daga nan na daina dubawa. Na fi yarda da hannunki a kan idona." Ya tura mini burodin. Na ci.

Ya rushe babi na biyar ya sake gina shi a kan katin. Ni na buga masa a kwamfuta. Jimlata tana tsakiyar shafi, an matsar da ita ciki an ba ta fili sama da ƙasa, ga shekara a gefenta. Na buga ta ba tare da na duba katin ba, sai na tuna, na yi saurin ɗaukar katin na riƙe kamar ina kwafa. Bai lura ba.

Shekaranjiya ya tafi babbar jami'ar da zai kare aikin. Zai yi wata guda a can, a masaukin ɗalibai, yana gyare-gyare tare da Farfesa. Na raka shi tasha. Ya sa katin a cikin ledar da ake sa katin shaida, ya sa a aljihun gaba. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce in riƙa ɗaga kwalayen daga ƙasa saboda danshi. Sai kuma ya ce, "Ki kula da kanki." Da ƙarfi ya faɗa, har wata tsohuwa a kujerar baya ta ce, "Amarya ce?" Ya ce, "Kullum."

Na dawo gida na ɗora kwalayen a kan gadon baƙi. Na zauna a gefensu har aka yi la'asar. Ba tunani nake yi ba. Zama kawai.

Kin ce wa ya mutu. Ban sani ba, Yaya. Amma duk abin da yake ba ni yanzu, ji nake kamar saƙon wata ne aka kawo gidana bisa kuskure, ni kuma na sa hannu na karɓa.

A gaida kowa.
Auta

*

Zuwa ga matata, Magatakarda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke na sauka lafiya. Ɗakin da aka ba ni ƙarami ne, gado ɗaya da tebur mai ƙafa uku da rabi, na tokare shi da ƙamus. Na zaɓi in rubuto maimakon waya, domin kin san a waya ba na wuce "lafiya lau".

An tsayar da rana, ashirin da shida ga wata, ƙarfe goma na safe. Farfesa ya karanta babi na biyar sau biyu. Ya ce bayan an gama zai tura shi mujalla a ƙasar waje a buga. Ya ce in gode wa wadda ta yi kwafar. Na ce na fara.

Na lura shekara guda kina rubuta kalmar nan ban taɓa zama na gaya miki asalinta ba. Laifina ne. A Turancin farko akwai aikatau witan, wato sani, kuma wist shi ne abin da ya wuce daga gare shi. Idan aka bi shi baya, sai a tarar danginsa suna ko'ina. Jamusawa suna da wissen har yau. A harshen Latin kuwa ɗan'uwansa shi ne videre, amma can ba sani yake nufi ba, gani ne. Masana sun ce tushen gaba ɗaya gani ne: wanda ya riga ya ga abu, shi ne ya san shi. Shekara bakwai da na yi, a kan wannan 'yar hanyar na yi su, daga ido zuwa zuciya.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Matar nan ta cikin katin ta hana ni sakat. Na san aikina kalmar ce, ba ita ba. Duk da haka kullum da safe kafin in fara, sai na ciro katin na karanta. Kati fiye da dubu huɗu muke da su, na sarakuna da limamai da 'yan kasuwa, babu wanda ya taɓa tsayar da ni sai wannan. Wace ce ita? Ƙofar wa ta zauna? Tun hantsi fa. Kuma ba a ce an kore ta ba, ba a ce an zage ta ba. Ba a san tana wurin ba ne kawai. Ina ganin akwai mutum a cikin ɗakin, yana wani aiki da yake ganin ya fi komai muhimmanci. Nakan ji haushinsa. Sai kuma in ji tsoro, domin ina jin da ni ne a ɗakin, da haka zan yi.

Ni mutum ne da magana ba ta zo masa da sauƙi, kin fi kowa sani. Wata mata da ta rasu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu ita ce ta sa na ɗaga kai na dubi gidana. In Allah ya sa na gama, zan rufe kwalayen nan na shekara guda. Za ki zaɓi inda za mu je.

Shafin farko na kundin, inda ake sadaukarwa, ke na sa. Ban rubuta da yawa ba. Na ce: ga wadda hannunta bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Akwai takardar da zan sa wa hannu ranar, ta shaida cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne gwargwadon sanina. Biron da kike kwafa da shi na ɗauko, in kin neme shi ba ki gani ba.

Ki gaida su Umma da Yaya in kun yi waya. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki

*

Yaya,

Salam. Ga wasiƙarsa nan na haɗo miki, ki karanta ki dawo mini da ita.

Sau ɗaya na karanta ta, a tsaye a bakin get inda direban motar hayar da ya kawo ta ya miƙo mini. A littattafaina a nan ne yarinya take zubewa ƙasa ta rungume takarda. Ni na ninke ta na shiga na ƙarasa wanke-wanke. Akwai tukunyar da ta kama, na daɗe ina kankare ta.

Shekara biyu ina jiran wasiƙa irin wannan. Na sha rubuta ta a kaina, da kalmomin da suka fi waɗannan zaƙi. Tasa ta fi tawa. Kuma ga shi ya gane matar sarai, har abin da ban sa a jimlar ba ya gani. Da ina zaune a gabansa da kofin shayi bai gan ni ba, sai da na mutu shekara ɗari shida.

Kin ce masu damuwa da kalmar ba za su cika mota ba. To, su ne za su karanta mujallar. Ɗaya daga cikinsu yana zaune kusa da ɗakin karatun nan na ƙetare. Wata rana zai shiga ya ce a ba shi shafi kaza. Ko bana, ko bayan shekara goma. Sunan Malam ne a kai, ba nawa ba.

Saura kwana goma sha shida. Ban tambaye ki komai ba wannan karon. Na dai ga ya kamata ki gani.

Auta

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ga wasiƙar na dawo miki da ita. Ki yi haƙuri da tabon da ke gefe, shayi ne. To, ba shayi ba ne.

Yau babu wasa a bakina. Akwai abin da na ɓoye miki, shi ya roƙe ni kada in faɗa, amma yanzu riƙe shi ya fi ƙarfina.

Bara, wajen watan da kika yi zazzaɓin nan, Malam ya zo asibiti wurina. Ba ki sani ba. Ya zauna a benci cikin mata masu awo fiye da awa guda, da jakarsa a kan cinya, har wata ta tambaye shi wata nawa ne. Da na fito ya tashi ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Yaya, ƙanwarki ba ta magana. Ina ganin ba ta jin daɗin zama da ni, kuma ban san yadda ake yi ba." Haka ya faɗa, ban san yadda ake yi ba, kamar mai tambayar yadda ake haɗa janareta. Na ce masa ya saya miki turare, ya fita da ke. Ya ce ya gwada, kun je kun zauna kun dawo ba wanda ya ce uffan. Sai na ce, "To kai me kake da shi?" Ya ce aikinsa kawai. Na ce, "Ka sa ta a ciki. Ka ba ta wani abu ta riƙe, ku zauna tebur ɗaya." Bayan mako guda kika yi mini waya kina ƙorafi wai ya mayar da ke sakatariya ba albashi. Ni kuwa ina ganin dabarata ta ci.

Saboda haka ba don rubutunki ya fi kyau ya ba ki katunan ba, ko da yake ya fi. Abin da ya fi so a duniya ne ya ɗauka ya sa a hannunki, don bai san wata hanya ba. Ni kuma da na ba da shawarar, ban ce masa ya riƙa ɗaga kai ba. Da hannuna a cikin wannan abin.

Na janye maganata ta farko. Ba na ce ki faɗa ba, don ba ni zan zauna da shi ba, kuma har yanzu ina tsoro. Zai iya rasa aikin. Zai iya kasa sake kallonki yadda ya fara. Namiji mai shiru in ya ji ciwo ba a san inda zai tsaya ba. Abin da na sani shi ne babu maganar sai kun tsufa, wannan shirme na faɗa. In za ki faɗa, yanzu ne, tun bai sa hannu ba, ko zai iya cire babin ya mayar da tsohon, ko ya nemi a ɗaga ranar. In kuma kin bar shi ya sa hannu, to ki haɗiye shi har kabari, kada ki zo masa da shi daga baya don ki sami sauƙi a ranki.

In kina so ni in gaya masa, zan hau mota in je. In kina so ki zo nan ki zauna har ƙura ta lafa, ɗakin yara yana nan, zan kwashe su. Maigidan ya ce ko yau.

Ki ci wani abu, don Allah.

Yayarki

*

Zuwa ga mijina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Wasiƙarka ta iso, na gode.

Kada ka sa hannu a takardar nan. Jimlar da ke aljihunka babu ita a cikin wasiƙun Farfesa, babu ita a ko'ina. Ni na ƙirƙire ta. Nakan rubuta wa katuna kai tun kafin in fara kwafa, ɗaya ya yi saura, na cika shi daga kaina wata Asabar kana zaune a gabana. Lambar shafin ma ƙarya ce. Na gane katin tun ranar da ka shigo da shi kicin, na yi shiru wata biyu. Sauran katunan duk gaskiya ne.

Tsohon babi na biyar yana nan a kwamfuta, ban goge ba. Na buga shi na haɗo da wannan takardar. Saura kwana goma sha ɗaya. In Farfesa yana so ya ji daga bakina, zan zo in faɗa a gaban kowa. Ka cire shafin sadaukarwar.

Yaya ta ce in koma wurinta kafin ka dawo. Ba zan je ba. Ina gida.

Matarka